Rabin Wasan Gajere

A layin masu katako, in ana hirar wanda ya iya tafiya da baya, Gajere ake nufi. Tun yana saurayi yake dakon kayan ɗaki a wani babban shagon kafinta, kuma masu wannan aiki suna da ƙa'idarsu: in za a hau bene da kaya, gajeren ne ke riƙe ta sama yana hawa da baya, dogon yana ƙasa yana tokarewa. Shi kuwa Allah bai ba shi tsayin da zai yi gardama da wannan ƙa'ida ba. Haka ya ci ƙuruciyarsa yana shiga gidajen mutane da ƙeya, masu gida su san bayan rigarsa kafin su san fuskarsa.

Abokin dakonsa Dogo ne, wani siririn mutum mai dogon wuya da ya tsallako daga maƙwabciyar ƙasa neman aiki. Ba su yi kama ta ko'ina ba. Dogo bakinsa ba ya shiru, Gajere kuwa sai a wuni bai ce uffan ba. Abin da ya haɗa su kaya ne. Kullum akwai gado ko tebur ko kujera a tsakaninsu, kowa yana kallon fuskar ɗan'uwansa ta saman katako, har ya zamana in Dogo ya motsa gira Gajere ya san gefen da za a karkata.

Wata rana aka aike su da wani ƙaton kabad gidan wata mata a saman bene. A kwanar matakala kabad ya ce bai san zance ba. Su yi gaba ya ƙi, su yi baya ya ƙi, ya matse wa Dogo yatsa, ya tuɓe wa Gajere hula. Da jiɓin goshi suka kai shi sama, sai matar ta leƙo ta ce ita ba ta sayi kabad ba, gidan da ke kallon nata ne. Da suka koma shago ma'aikata suka tambaye su abin da ya tsare su. Dogo ya buɗe baki zai ba da labari, gajiya ta hana shi, sai kawai ya sunkuya ya rungumi iska kamar gindin kabad ya kama. Gajere, ba wanda ya ce masa komai, ya zagaya ya kama ɗaya gefen. Suka hau benen da babu shi da kabad ɗin da babu shi, a tsakiyar shago, cikin garin katako. Masu zarto suka ajiye zarto. Mai shagon ya fito zai yi faɗa, aka same shi jingine da bango yana share hawaye.

Daga nan wasan ya samo asali. Aka fara kiran su ɗakin taron ma'aikata, sai makarantu, sai wani ƙaramin gidan wasa da ke bayan tashar mota, mai dandamalin katako da ke ƙara in an taka. Ba a furta kalma ko ɗaya a ciki. Dogo zai kumbura kumatu, gwiwarsa ta dama ta kama rawa, ya ɗaga kafaɗa ɗaya har ta taɓa kunne, ya zare ido, ya fizgo yatsa ya cusa a baki. Mutane su yi ta faɗuwa daga benci. Lokacin waya mai ɗaukar hoto ba ta zo ba. Sau ɗaya aka taɓa yi musu hoto, shi ma mai hoton, Allah ya yafe masa, ya yanke kan Dogo, Gajere kuma bayansa ne ya fito.

Sai wata shekara ta zo da aka matsa wa baƙi a kan takardun zama. Dogo ya yi ta zarya ofis-ofis har ya gaji, ya tattara matarsa da ɗansa na goye ya koma ƙasarsu. Gajere ne ya kama masa akwatin ƙarfe zuwa tasha, shi a gaba da baya kamar kullum. Tsakanin garuruwan biyu bai fi tafiyar wuni guda ba, amma talaka ya san wuni guda da iyakar ƙasa a tsakiya ba wuni guda ba ne. Suka ce sai baɗi. Baɗin nan ita ce har furfura ta cim musu.

Gajere bai sake wasa da kowa ba. An kawo masa dogayen mutane iri-iri, ya gwada su ya ce ba su san nauyi ba. Ya bar dako ya koyi gyaran kujerun kushin, ya buɗe ɗan shagonsa a ƙarshen layin, inda kwalta ta ƙare. Nan ya tsufa tsakanin soso da yadi da ƙananan ƙusoshi da yake tarawa a baki in yana aiki, abin da ya ƙara masa dalilin rashin magana. Da wannan sana'a ya yi aure ya rene 'ya'ya. Matarsa, wadda kowa ke kira Maman Auta, mace ce mai jiki da tsare gida, ba a cika ganin haƙoranta ba. Tun suna neman aure take zuwa kallon wasan, ta zauna bencin gaba da hannu a ƙirji, ba wanda ya taɓa jin dariyarta. Gajere ya daɗe da yanke cewa matarsa ba ta san abin dariya ba, ya haƙura da ita a haka.

Da waya ta wadata sai zumunci ya farfaɗo. Duk ƙarshen mako Dogo zai kira ya yi ta zuba, Gajere yana cewa "uhm" da "to." Wannan ya ishe su.

Wata safiya yana cikin jan yadi a kan wata kujera guduma ta suɓuce masa. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi zuwa. Kafin maƙwabta su kai shi asibiti ɓarin jikinsa na hagu ya tafi, hannu da ƙafa, baki ma ya ɗan karkace. Ya rayu, amma mutumin da ya hau benaye da baya sai ga shi ba ya iya zuwa ƙofar ɗaki da gaba sai an riƙe shi. Aka rufe shago. Kujera ta ƙarshe da ya gyara, wadda mai ita bai dawo ɗauka ba, ita aka kawo masa tsakar gida ya zama mai ita.

Dogo bai sani ba. Da ya ji maganar ta sauya ya tambaya, Gajere ya ce haƙora ne suka zube.

"Kai ma dai," in ji Dogo. "Ƙusoshin da kake tauna ne."

Maman Auta tana jin su. Da ya ajiye waya ta ce, "Malam, me zai rage ka in ka gaya masa?"

"Yadda ya bar ni nake so ya san ni," in ji shi.

Girman kai ne, kuma shi ma ya san girman kai ne. Amma mutumin da aka raba da hannu da ƙafa da shago, in ya ƙanƙame ɗan abin da ya rage masa, da wuya a sami mai zuciyar ɓamɓare shi.

Cikin 'ya'yansa Auta ce ta gado shi. Da rana tana koyarwa a makarantar yara, da yamma tana jan wata 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo da ke atisaye a wani tsohon garejin mota. Ba gwamnati a bayansu, ba attajiri, kowa da sana'arsa. Ita ba ta taɓa ganin wasan kabad ba, an haife ta bayan an daina, amma ta tashi tana jin tsofaffin layin suna ba da labarinsa, su fara dariya tun ba su kai ko'ina ba.

Ita ce ta jiyo labarin wata gidauniya da ke ba ƙananan ƙungiyoyi masu zaman kansu ɗan tallafi, da sharaɗin su haɗa aiki da wata ƙungiya a wata ƙasa. Tallafin ba wani abin a zo a gani ba ne: kuɗin mota, masauki, hayar ɗakin wasa, shi ke nan. Kowane ɓangare zai shirya nasa a gida, sannan a haɗu a nuna wa jama'a. Ta bincika ta gano ɗan Dogo, wanda aka tafi da shi a goye, yanzu magidanci ne, shi ma yana da irin wannan ƙungiya a can. Suka haɗa baki suka nema, aka ba su.

Ta durƙusa gaban kujerar uban ta yi masa bayani. Dogo zai koya wa ɗansa rabinsa. Shi kuma zai koya wa wani a ƙungiyarta nasa rabin. Sai Dogo da ɗansa su tsallako, a haɗa, tsofaffin biyu su zauna bencin gaba su ga abinsu.

Abin da Gajere yake so a duniya kafin ya bar ta bai wuce wannan ba, ya ga kabad ɗin nan ya sake hawa bene, cikakke, ko sau ɗaya. Yana kuma tsoron ranar da Dogo zai shigo ya same shi a kujera.

"Ranar da ya zo ya gani da idonsa," in ji shi. "Kafin nan kada wanda ya gaya masa."

"Baba, ai sai mun riƙa tura wa juna hoton atisaye ta waya, mu ga ko ya dace."

"Ba a ɗaukar kabad ta waya."

Da ta kai wa Dogo wannan magana, shi da bai san dalili ba, sai ya ƙyalƙyale da dariya ya ce Gajere ya yi gaskiya. Su a zamaninsu ba su taɓa zama sun tsara ba, kowa ya zo da nasa a haɗu a kan dandamali. Tsofaffi biyu suka haɗe kai, yara suka bi.

Wanda Auta ta zaɓa wani mai walda ne, gajere kakkaura, uban 'ya'ya uku, mai haƙuri kamar an yi shi don a yi masa faɗa. Kullum da la'asar zai rufe shagonsa ya zo tsakar gidan, a ja igiyar shanya gefe, a kawar da bokitai. Gajere yana kujera, ba ya iya tashi ya nuna, sai da baki. Ya fara sa shi ɗaukar tebur na gaske shi da Auta, su zagaya gida har ya ji nauyi ya zauna masa a kafaɗa, sannan aka ajiye tebur aka kama iska. Nan malamin ya buɗe. Mutumin da bai iya haɗa kalma goma ba sai ga shi yana zuba kamar an kunna famfo, don wasan yana gaban idonsa tar, kamar jiya aka yi.

"A'a, a'a. Kumbura kumatun. Ƙara. Yauwa. Yanzu gwiwar ta kama rawa, ta dama. Ɗaga kafaɗa. Kai, har kunne na ce. To an matse maka yatsa, yaya za ka yi? A baki mana."

Mai Walda ya yi, maƙwabta da ke leƙe ta katanga suka yi dariya, Gajere ya ji kamar an mayar masa da wani abu nasa. A watannin nan har cin abincinsa ya ƙaru. Maman Auta tana bakin ƙofar kicin tana aikinta, takan ɗago ta dubi Mai Walda yana ja da baya, ta mayar da kai.

Wani ƙarshen mako Dogo ya kira, tari yana yanke masa magana.

"Mutumina, yaya ɗalibinka? Ka koya masa abin nan naka na kwanar bene?"

"Wane abu?"

"Ji shi. Abin nan da in ka yi sai na ciji leɓe don kada in saki kabad. Nan ne fa gidan ke tashi gaba ɗaya."

Gajere ya tuna. Lalle a kwanar bene ne dariya ta fi ƙarfi, kuma a daidai nan Dogo ba ya komai sai cizon leɓe. Ya sha mamakin hakan a da, bai taɓa bin ba'asi ba.

"Me nake yi?" ya tambaya.

"Yo ni zan gaya maka? Ai ba a baki yake ba. Tashi kawai ka kama masa gefe guda, jikinka ya sani."

Gajere ya dubi hannunsa na hagu da ke kwance a cinya kamar na wani. Maganar ta zo masa har maƙogwaro. Kalma nawa ce? Ba na iya tashi, shi ke nan. Dogo yana can yana tari yana jira.

"To," in ji Gajere.

Aka sa ranar tafiya, takardar tsallake iyaka ta Dogo ta ƙi fitowa, aka ɗaga. Auta ta roƙi gidauniya ta ƙara musu lokaci, matar da ke kula da su ta yi musu kirki ta ƙara. Takarda ta fito. Ana saura 'yan kwanaki su taso, wayar Auta ta yi ƙara tana cikin aji. Ɗan Dogo ne. Tarin nan ya kwantar da tsohon, bai tashi ba.

Da ta gaya wa uban bai yi kuka ba a gabanta. Ya ce Allah ya jiƙansa, ya ce a juya masa kujera ta kalli bango. Haka ya wuni. Baƙin cikinsa biyu ne, kuma na biyun ya fi ci masa rai: tsoron da ya kwana da shi wata da watanni, na Dogo ya gan shi a haka, an ɗauke masa shi, sai ya tarar ashe ya fi son tsoron.

Auta ta so a fasa. Ɗan Dogo ya ce a'a, uban ya gama koya masa, kuma ya bar wasiyya a je. Bayan an share makoki ya taso shi kaɗai.

Ya shigo gidan da sallama, sai da ya sunkuyar da kai a ƙofa. Wuyan uban, tsayin uban. Ya durƙusa ya gaida Gajere, idonsa ya sauka a kan hannun, ya koma kan ƙafar, ya kasa ɓoye abin da ya ji.

"Baba, tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"Bai sani ba."

"Ban gaya masa ba."

Washegari aka ɗauki Gajere a mota zuwa garejin. Aka zaunar da shi a gaba, 'yan ƙungiya suka jeru a jikin bango. Ɗan Dogo ya sunkuya ya rungumi iska, kuma tun daga wannan sunkuyawar Gajere ya ga uban ne sak. Mai Walda ya zagaya ya kama ɗaya gefen. Suka ɗaga.

Ɗan Dogo ya kumbura kumatu. Mai Walda ya kumbura kumatu. Gwiwar ɗan Dogo ta kama rawa, ta Mai Walda ma ta kama. Kafaɗa ta tashi a nan, ta tashi a can. Da aka zo matse yatsa, su biyun suka saki kabad a tare, kowa ya cusa yatsa a baki, suka tsaya suna kallon juna da ido a zare. Ba wanda ya rage yana riƙe da kayan. Wani a jikin bango ya yi 'yar dariya ya haɗiye.

Ɗan Dogo ya miƙe a hankali. "Baba, ai wannan na mahaifina ne. Duka nasa ne."

Gajere ya riga shi gani. Shekara da shekaru yana wasan nan, abin da ke gabansa fuskar Dogo ce. Kansa bai taɓa gani ba. Nasa rabin a hannu da ƙafa yake zaune, su ke yi ba tare da sun shawarce shi ba, kuma sun tafi da shi ranar da guduma ta faɗi. Da ya zauna koyarwa da baki, abin da ido ya adana ya zubo, ya ɗauka wasan ke nan. Ya koya wa Mai Walda tsayawa a wurin Gajere yana yin Dogo. Mutum ɗaya ne a duniya ya san rabin Gajere daga farko har ƙarshe, don shi ne ya yi shekaru yana kallonsa ta saman katako.

"Zo nan," ya ce da ɗan Dogo. Muryarsa ta yi ƙasa. "Bai taɓa nuna maka nawa ba?"

"Sau ɗaya ya tashi zai gwada mana. Ya ja da baya taku biyu, dariya ta ci ƙarfinsa, tari ya biyo, muka zaunar da shi. Ya ce mu bari, in mun zo za mu gani wurin mai shi." Sannan ya ƙara abin da gara bai ƙara ba, amma yaron kirki ne, bai iya ɓoye-ɓoye ba. "Cewa yake nasa kowa ma zai iya, naka ne wasan. Da ya san ba ka iya tashi, wallahi naka zai koya mini."

Gajere ya ce a ɗaga shi. Auta ta ce, "Baba." Ya ce a ɗaga shi. Mai Walda da wani suka tallafe shi ta hammata, ɗan Dogo ya sunkuya ya kama gefensa. Gajere ya miƙa hannun dama ya kama iska, ya jira jikin ya tuna. Ya jira. Ƙafar hagu tana ja a siminti, ba abin da ya zo. Suka mayar da shi kujera, kowa ya sami wani wuri ya kalla.

Auta ta bi tsofaffin layin ɗaya bayan ɗaya tana tambayarsu abin da Gajere yake yi a wasan. Wannan ya ce wani abu yake yi da gira. Wancan ya ce ba gira ba ce, hula ce. Wani ya ce shi dai ya san cikinsa ya yi ciwo don dariya. Kowa ya tuna ya yi dariya, ba wanda ya tuna me ya ba shi.

Amma an kama ɗakin wasa, an gayyaci mutane, gidauniya ta turo wakiliyarta. Auta da ɗan Dogo suka zauna suka ƙirƙira wa Mai Walda wani abu, ya riƙa hamma yana duba agogo alhali ɗan'uwansa na shan wahala. Ba laifi. Ran wasa ɗaki ya cika, matasa suka yi dariya, aka tafa. Wakiliyar ta zo ta riƙe hannun Gajere mai lafiya ta ce abin da ake nema ke nan, ƙasa biyu sun haɗu sun ceto wani abu da ya kusa ɓata. Da zuciya ɗaya ta faɗa. Ya yi mata godiya. Wayoyi da yawa sun ɗauka, yanzu duk mai son ganin wasan kabad zai gani, kuma wannan zai ɗauka shi ne.

Da safe, bayan Auta ta raka ɗan Dogo tasha, gidan ya rage su biyu. Maman Auta ta jawo 'yar kujerarta ta ɗora ƙafarsa ta hagu a cinya tana mulke ta da mai, kamar yadda take yi kullum. Ya daɗe yana kallon kanta. Duk garin an tambaya, ita ce kaɗai ba wanda ya tuna da ita, har shi.

"Ke fa kin sha gani," in ji shi. "A kwanar bene, me nake yi da fuska?"

"Ban sani ba, Malam."

"A gaba fa kike zama."

"Ban taɓa kallon fuskarka ba." Ta ci gaba da mulka. "Dandamalin nan ba shi da faɗi, kai kuma da baya kake tafiya, kana nufar bakinsa. Mutane suna ta dariya, ni ƙafarka nake kallo. Ban samun numfashi sai ka juyo."

Shekara nawa yana zaune da matar nan yana yi mata kallon wadda ba ta san abin dariya ba. Kunya ta kama shi, da wani tausayi da bai san ko nata ba ne ko nasa.

"To ƙafar," ya ce a hankali. "Me take yi?"

Ta dube shi ta ga da gaske yake. Ta sauke ƙafar ta ajiye a kan tabarma, ta goge hannu a zane, ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar. Ta je tsakiyar gida ta tsaya, tsohuwa mai jiki da ciwon baya, ta ɗan tattare zanenta. Ba ta kama iska ba, hannayenta suna gefe, don ba ta san me hannu ke yi ba. Ta miƙa ƙafar dama baya, ta taɓa ƙasa da babban yatsa kamar mai gwada zafin ruwan wanka, ta janye, ta sake taɓawa, sannan ta sauke diddige a karkace, ɗayar ƙafar ta biyo da wani ɗan tsalle da bai dace da shekarunta ba. Ta yi haka har ta kai jikin bango.

Gajere ya zuba ido, ya tattara duk hankalinsa, yana jiran wani abu a cikinsa ya ce na san wannan. Bai gane ba. Tafiyarsa ce, ya yarda tasa ce tunda ita ta faɗa, amma kamar tafiyar baƙo yake kallo. Hawayen da bai yi wa Dogo ba suka zubo, ta gefen da ya shanye ma suna zuba, ba ya jin su.

Ta tsaya tana haki. "Iyakar abin da na sani ke nan."

"Sake," in ji shi.

Ta dawo tsakiyar gida, ta juya wa bango baya, ta sake miƙa ƙafar.